Sunan da Ka Cika a Fom da Tafiyar da Kakanninka Suka Yi

A zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina ya same ni a ofis, yana riƙe da takardu uku, fuskarsa babu walwala. A takardar gama firamare an rubuta sunansa da na mahaifinsa. A ta sakandare an ƙara masa Bakura a ƙarshe, domin su uku ne masu suna ɗaya a ajin, shi kuwa daga can ya zo. A katin ɗan ƙasa kuma laƙabin kakansa ne ya zauna a gurbin sunan iyali, saboda da shi aka san gidansu. Wani ofishi ya duba takardun ya ce masa waɗannan mutum uku ne, sai ya je kotu ya yi rantsuwa, ya kuma buga sanarwa a jarida, kafin a saurare shi. Na tambaye shi wanne ne sunansa na gaskiya. Ya ce, “Malam, ai duk nawa ne.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ofishin ma bai yi ƙarya ba. Tsari biyu ne na kiran mutum suka yi karo a kan yaron. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya zo ne daga baya, lokacin da na tambaye shi ko kakan nasa haifaffen Bakura ne. Ya ce a'a, ya ji ana cewa sun taso ne daga wani ƙauye na ƙasar Maradun da ruwan madatsar Bakolori ya ci. Na ce mene ne sunan ƙauyen? Ya yi shiru. Hijirar da ba ta cika shekara hamsin ba, ga jika ɗan jami'a bai san sunan inda aka taso ba.

Gurbin nan na sunan iyali da muke cikawa a kowane fom gadon Ingila ne, kuma ko a can ba da shi aka fara ba. Kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066, yawancin mutanen Ingila suna ɗaya gare su, sai laƙabin da ke mutuwa tare da mai shi, kamar dai yadda muke. Masu filaye ne suka fara gadar da suna ga 'ya'yansu, domin suna yana tafiya da gadon ƙasa. Talakawa suka biyo baya a hankali, har zuwa wajejen 1400 aka wayi gari yawancin gidaje suna da sunan da ɗa ke gada daga uba. Masu karɓar haraji sun taimaka ƙwarai, kuma rajistar harajin kai ta 1377 da 1379 da 1381 tana cikin abin da masana ke tonowa yau idan suna neman asalin wani suna. A 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta wankan baftisma da aure da binnewa, a 1837 kuma gwamnati ta fara nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Da waɗannan littattafai ne Baturen yau ke bin sawun gidansu ɗaruruwan shekaru baya.

Sunayen nasu kuwa daga rijiyoyi huɗu aka ɗebo su, kuma duk huɗun muna da su. Akwai na sana'a: Smith maƙeri ne, Taylor maɗinki, Baker mai gasa burodi. Akwai na uba, kamar Johnson, wato ɗan John. Akwai na siffa, kamar Long, wanda mu za mu ce Dogo. Sai na wuri, wanda shi ne ya fi amfani ga mai bin tarihin ƙaura, don ba a cika kiran mutum da sunan garinsu ba sai ya bar garin.

Misali ɗaya ya isa. A arewa maso gabashin Ingila akwai wani ƙaramin gari da ake kira Washington. A ƙarni na 12 wani mutum mai suna William, wanda a da ake danganta shi da Hertburn, ya sami filin garin, sai ya koma amsa sunan wurin. Zuri'arsa ta yi ta gangarawa, wani reshe ya zauna a Sulgrave, sannan wajejen 1657 John Washington ya ƙetare teku ya sauka Virginia. Tattaɓa-kunnensa shi ne George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda aka sa wa babban birnin ƙasar sunansa. Bayan an 'yanta bayi, da yawa daga cikinsu suka zaɓi wannan suna, har ta kai a yau mafi yawan masu amsa Washington a Amurka baƙar fata ne, waɗanda kakanninsu daga Afirka aka kwashe su. Wanda ya ɗauki suna kaɗai ya ce zai gano jini da shi, nan zai ɓata.

Mu ma muna da irin wannan labari a ƙofar gida. Sarakunan Zazzau da jihadi ya kora sun yi kudu, a 1828 Abu Ja ya kafa garin da ya ci sunansa. Da aka zaɓi wurin sabon babban birnin Nijeriya a 1976 sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Har gobe kuwa sarautar Suleja Sarkin Zazzau ce, alhali Zariya tana can nesa a arewa.

A nan ne nake ganin bambancin namu da nasu yake. Bature ya ajiye tarihin ƙaurarsa a sunan gida. Mu sunan gidanmu yana juyawa kowane zamani: ɗa ya amsa sunan ubansa, jika ya amsa na ɗan, kafin a kai tattaɓa-kunne sunan kaka ya fita daga takarda. Inda muka ajiye namu tarihin shi ne sarauta. Idan jama'a suka tashi, sukan bar ganuwa da gonaki da kaburbura, amma sunan sarautarsu yana cikin kayan da suke ɗauka.

Mai karatu ya dubi garuruwa ukun nan da ke maƙwabtaka a yammacin Zamfara. Sarkin Bakura, a bakin fada da bakin maroƙa, Sarkin Burmi ne, wato shugaban Burmawa. Haka kuma ake kiran Sarkin Moriki, can arewa maso gabashin jihar, Sarkin Burmi. Sarauta ɗaya a gari biyu masu nisa da juna tana gaya maka cewa al'umma ɗaya ce ta rabu a hanya. Sarkin Maradun Sarkin Kaya ne, garin Kaya kuwa yana nan a ƙasar Maradun da jama'arsa. Na Talata Mafara Sarkin Mafara ne, amma idan ka yi kudu maso yamma zuwa Gummi za ka tarar da wani Sarkin Mafaran. Sunan garin da kansa ma kashi biyu ne: Mafara ta jama'a da sarautarsu, Talata kuma ta ranar kasuwa, wadda har yau take ci.

Idan aka faɗaɗa ido, jihar duka haka take. Sarkin Anka Sarkin Zamfara ne, domin bayan Gobirawa, a zamanin Sarki Babari, sun ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18 sun zauna Alkalawa, gidan sarautar Zamfara ya yi ta sauya mazauni kafin ya tsaya a Anka. Zurmi ma tana da nata Sarkin Zamfara. Ƙauran Namoda tana da Sarkin Kiyawa, Tsafe tana da 'Yandoto, sunan tsohon garin malaman nan, Gusau kuma, babban birnin jiha, Sarkin Katsina gare ta. Baƙo yakan yi mamakin me ya kawo Katsina Gusau, alhali amsar tana cikin sarautar: yankin ƙasar Katsina ne kafin jihadi. A ƙetaren iyaka akwai Sarkin Katsina a Maraɗi da Sarkin Gobir a Tsibiri, gidajen da suka yi arewa bayan an ci su da yaƙi. Nesa kuma, a bakin kogin Nil a ƙasar Sudan, akwai garin Mai Wurno, wanda ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da ya wuce gabas da jama'a bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a 1903. Sunan Wurno ta ƙasar Sakkwato ne ya yi wannan doguwar tafiya.

Wurin da aka kashe Attahiru shi ma Burmi ake ce masa, a ƙasar Gombe ta yau. Na sha ganin ɗalibai suna haɗa shi da Burmin Bakura a aikin bincikensu ba tare da wata hujja ba illa kamancin lafazi. Cutar da ke damun masu neman asali ke nan a ko'ina: da zarar suna ya yi kama da suna, sai a ƙulla zumunta, a kai ta Masar ko Yamal ko Bagadaza kafin a sha ruwa. Suna yana nuna maka inda za ka fara tono ne kawai. Sauran aikin na bakin dattawa ne, da jerin sarakuna, da kufai, da rubutun malamai.

Ba sarakuna kaɗai ke da wannan ma'ajiya ba. Talaka ma yana da tasa, sai dai ba a takarda take ba. Akwai sunan dangi: Zamfarawa, Burmawa, Gobirawa, Alibawa, Sulluɓawa, Toronkawa. Na ƙarshen nan yana ɗauke da Futa Toro ta ƙasar Senegal a cikinsa, inda kakannin Shehu Usmanu suka taso, kuma Fodiyo da muke kiran mahaifinsa da shi laƙabi ne na malanta a Fulatanci. Akwai zanen fuska, wanda a da wanzami ke rubuta asalin jariri da shi a kumatunsa. Akwai wasan taubasantaka tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe. Akwai sunan unguwa. Akwai kirari. Zane ya kusa ƙarewa, kuma ban yi baƙin cikin hakan ba, amma ya kamata mu sani cewa wata rajista ce aka rufe ba tare da an kwafe abin da ke cikinta ba.

Makaɗan wannan yanki sun isa misali. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda duniya ta sani da Ɗanƙwairon Maradun, a Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi. Maradun ta shiga sunansa ne ta hanyar kiɗan fadar Sarkin Kaya, wanda gidansu ya yi wa hidima. Ɗanƙwairo kuwa laƙabi ne da ya samo daga wani mai zaƙin murya a cikin yaran mahaifinsa da ake kira Ƙwairo. Ga sunan yanka, ga laƙabi, ga garin da ba na haihuwa ba, duk a kan mutum ɗaya. Sa'idu Faru kuma yana amsa sunan Faru ta ƙasar Maradun, garin da Shehu Usmanu ya zauna yana wa'azi kafin jihadi, amma waƙoƙinsa da aka fi sani na Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo ne, wanda ya riƙe Talata Mafara kafin daga baya ya zama Sarkin Musulmi. Da za a ba waɗannan mutane fom na yau, ban san abin da za su sa a gurbin sunan iyali ba.

Makarantar boko ce ta fara tilasta mana wannan gurbi. Malami yana da Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a aji, sai ya bambanta su da garuruwansu. Haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita da Bello Kagara da Abubakar Gumi. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a Kwalejin Katsina. Kunya ma ta taimaka, domin yaron da aka yi wa tarbiyyar kada ya ambaci sunan mahaifinsa gatsau ya fi samun sauƙin amsa sunan gari. Kwalejin kimiyya da fasaha da ke Talata Mafara tana ɗauke da sunan Abdu Gusau, wato sunan wani gari ya zo ya zauna a ƙofar makaranta a wani garin ta hanyar mutum.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996, garuruwa ukun nan kowanne ya ba da gwamna, kuma sunayensu darasi ne. Ahmad Sani, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Yariman Bakura ne, sai sarautar ta zama sunan da jaridu ke kiransa da shi kamar na yanka. Abdul'aziz Yari Abubakar na Talata Mafara, daga 2011 zuwa 2019, sunan gidansu yake amsawa. Bello Muhammad na Maradun, daga 2019 zuwa 2023, Matawallen Maradun ne, yau kuwa da wuya ka ji an kira shi da wani suna ban da Matawalle. Tsakaninsu akwai Mahmud Aliyu Shinkafi, mai amsa sunan gari. A gaban idonmu sarauta da gari suke daskarewa suna zama sunan zuri'a, abin da ya ɗauki Ingila ƙarni uku. Gidan Ɗantata na Kano ya riga kowa: laƙabin Alhassan, wanda ya samo daga matar da ta raine shi mai suna Tata, yau zuri'a bayan zuri'a ke amsa shi.

Ba na adawa da daskarewar suna. Banki da asibiti da hukumar jarrabawa suna bukatar su san cewa mutumin jiya shi ne na yau, kuma tun da aka wajabta lambar katin ɗan ƙasa ga mai neman shiga jami'a a 2021, harafi ɗaya yana iya tsayar da yaro shekara guda. Damuwata ita ce yadda abin ke faruwa babu shawara. Wani magatakarda a shagon kwamfuta, mai gaggawar sallamar layi, shi ke yanke wa gida sunan da jikokinsu za su gada. Ya rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, Mamman a wata takardar. Ya cire ƙugiyar harafi, Ɗanƙwairo ya koma abin da ba ya nufin komai. Wani lokaci kuma ya juya sunan, uba ya koma ɗa. Har matan aure ma an fara sauya musu suna zuwa na miji, al'adar da ba tamu ba ce, ba kuma ta addininmu ba, tunda Alƙur'ani a Suratul Ahzabi ya yi umarni a danganta mutum ga mahaifinsa. Nana Asma'u ta yi aure, ta tsufa, ta rasu tana 'yar Shehu.

Sunan gari a matsayin sunan iyali ma yana da nasa aibin. Dubban mutane ne ke amsa Mafara ko Bakura ko Maradun ba tare da jini ya haɗa su ba, kuma kamar yadda ɗalibin nan nawa ya nuna, garin da ke cikin sunan sau da yawa zango ne na ƙarshe, ba mafari ba. Ƙaramin ƙauye ba ya shiga fom. Yaro yakan zaɓi hedikwatar ƙaramar hukuma don ita aka sani, sai babban gari ya haɗiye ƙananan.

Wannan ya dawo da ni Bakolori. An gama ginin madatsar a kan kogin Sakkwato a 1978, tafkin ya tashi mutane kimanin 13,000 daga gidajensu da gonakinsu na fadama, aka mayar da da yawansu sababbin matsugunai, ciki har da sabuwar Maradun. Rikicin diyya da na filaye ya kai ga abin da ya faru a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta, aka rasa rayuka da dama. Wannan ƙaura ce ta zamanin rediyo da jarida, da masana na gida da na waje suka yi rubutu a kanta, amma duk da haka ga jikan waɗanda ta shafa bai san sunan ƙauyensu ba.

To ina ga ƙaurar da ake yi yanzu? Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna tayar da ƙauyuka a Zamfara. Duniya ta ji sunan Jangebe ta ƙasar Talata Mafara a watan Fabrairun 2021 da aka sace 'yan mata 279 daga makaranta, ta ji na Kaya a watan Satumba na shekarar da aka kwashe ɗalibai a can ma. Waɗanda ba a ji sunansu ba sun fi yawa: ƙauyuka da rugage da suka watse cikin dare, mutanensu suka bazu a Gusau da Sakkwato da Talata Mafara, wasu suka ƙetara ƙasar Maraɗi. Manoma da makiyaya duk abin ya shafa. Waɗannan ba su tafi da tambari ko sarautar da za ta riƙe musu sunan wurin ba, kamar yadda Sarkin Zamfara ya tafi da tasa Anka. Yaron da aka haifa a kangon gini a gefen Gusau, idan ya isa makaranta, Gusau za a rubuta masa. Ranar da zaman lafiya ya dawo aka zo maganar gonar wa ce wannan, sanin sunan kaka da na ƙauye zai zama hujjar gado a gaban alƙali, ba abin hira ba.

Abin da ake bukata ba ya cin kuɗi mai yawa. Kowane gida ya zauna ya zaɓi sunan da zai tsaya a kai da yadda za a rubuta shi, kafin a kai yaro firamare. A sami littafi ɗaya a gida, da boko ko da ajami, a rubuta sunayen kakanni iyakar inda aka sani, na wajen uba da na wajen uwa, da inda kowanne ya zauna da abin da ya tashe shi. Tsofaffin mata sun fi maza riƙe wannan ilimi, don su ne suka san wa ya auri wa. Masarautun Mafara da Bakura da Maradun suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da za su iya tattara sunayen duk ƙauyukan da suka tashi da gidajen da ke cikinsu. Jami'ar jiha da ke Talata Mafara da ta tarayya da ke Gusau suna da ɗaliban tarihi da na Hausa da ke neman abin bincike kowace shekara, da yawansu kuma suna ɓata lokaci a kan batutuwan da aka tauna aka gaji.

Ni dai na fara da ajina. Na ba kowane ɗalibi aikin hutu ya kawo mini sunayen kakanninsa har hawa huɗu da garuruwan da suka zauna. Mafi yawansu sun tsaya a hawa na uku. Yaron nan mai takardu uku ya dawo da shafi biyu cike. Ya sami wata gwaggon mahaifinsa a Bakura, ta faɗa masa sunan ƙauyen, da sunan fadamar da suke noman albasa, da na mutumin da ya ɗauko kakansa da kayansa a kan jaki ranar da suka tashi. Ta kuma gaya masa cewa ko can ɗin ma baƙi ne, uban kakansa daga wajen Zurmi ya zo. Ya ce mini idan hanya ta yi kyau zai je Zurmi ya tambaya.